Yadda Ake Mayar da Taɓo Jikin Motar Suruki

Idan kana karanta wannan da jiƙaƙƙen tsumma a hannu, gabanka na faɗuwa, to kwantar da hankalinka. Sunana Douwe, na daɗe a ƙungiyar masu tara ƙananan motocin fim ta garinmu Harlingen, kuma ina ba ka tabbacin duk wanda ya bi matakan nan zai shiga gidan surukai da ƙafar dama. An gwada su a kan mutum ɗaya, ɗan ƙanwata Jelmer, kuma har yau yana raye.

Mataki na 1: San girman ɓarnar da ka yi

Fara da tsayawa ka dubi abin da kyau. Wancan dattin da ka goge ba datti ba ne.

Ga yadda ta faru da Jelmer. Ya je gidan su Nynke da niyyar neman aurenta a wurin mahaifinta Wiebe, abokina a ƙungiya, dattijon da bai taɓa kiran yaron da sunansa ba. Kullum "mai keken nan" yake ce masa, a garin da har limamin coci da keke yake yawo. Da ya isa sai ya tarar Wiebe ya tafi baje kolin ƙananan motoci a Utrecht, sai yamma zai dawo. Nynke da mahaifiyarta Griet suka fita cefane, suka bar shi a falo da zumuɗin nuna shi ɗan kirki ne.

A falon akwai akwatin gilashi, a ciki akwai 'yar koriyar mota, kwafin wadda 'yan fasa-ƙwauri suka tsere da ita ta cikin gona a wani tsohon fim. An ƙera ta kashi ɗaya cikin goma sha takwas na girman ta gaskiya, daga taya har kan ƙusa. Taɓon da ke jikinta da hannu ake fesa shi a masana'anta, fim ɗin na tsaye a gaban mai fenti. Masu duba inganci kuma in suka ga ɗigo ɗaya ya sauka a ƙofar da ba tasa ba, mayar da motar suke yi. Jelmer ya ga mota ta yi buɗu-buɗu, tausayin tsoho ya kama shi, ya goge ta fes.

Mataki na 2: Kada ka yi dogon tunani

Masana za su gaya maka taɓon masana'anta ba ya fita da ruwa, domin a rufe yake da man ƙyalli. Naka kuwa ya fita da shafa ɗaya, har da ɗan ƙamshi mai daɗi a tsumman. Kada ka tsaya tambayar dalili. Ka ɗauka kawai Allah ya ba ka ƙarfin hannu, ka wuce gaba.

Ka kuma tuna tagogin unguwarmu ba su da labule. Idan maƙwabciya ta ɗago maka hannu daga tsallaken titi, ɗaga mata wanda ba ya riƙe da tsumma.

Mataki na 3: Kira masani

Jelmer ya yi hankali, ni ya kira. Na bar shi ya gama inda-inda, sannan na tambaye shi wace mota ce.

"Koriyar, Kawu."

"To ka san wata yarinya a wani garin da za ka nema?"

Sai na tausaya masa, domin yaron yana son Nynke so na gaskiya, irin wanda ke sa mutum wauta. Na ce masa abin mai sauƙi ne, abin da aka cire shi za a mayar.

Mataki na 4: Samo taɓo, amma tuna ma'auni

Fita ta ƙofar baya, ka ɗebo laka a bakin ruwan da ke bayan gida. Wannan shawarata ce, kuma har gobe ina nan a kanta. Matsalar daga lakar take, ita ce ba ta san lissafi ba.

Ka ga, motar an rage ta sau goma sha takwas, lakar kuwa tana nan a girman da Allah ya halicce ta. Ƙwayar yashi ɗaya in ta hau ƙofar, sai ta koma kamar dutsen guga. Jelmer ya shafa, ya ja baya ya duba, ya ce motar ta yi kama da wadda gini ya rufta wa. Na ce ya tace da rariyar shayi. Ya tace. Duwatsun suka ragu, warin ruwan kwata ya tsaya daram.

Goge, ka buɗe taga. Yanzu ka wanke motar surukinka sau biyu, ka fara zama gwani.

Mataki na 5: Shiga kicin

Abin da kake nema gari ne mai laushi, kalar ƙasa, wanda ba ya wari. Nemo fim ɗin a wayarka, tsayar da shi a wurin tserewar, jingina wayar da tulun sukari. Gwada garin gahawa, za ka ga ya yi tsakuwa. Gwada garin cakulan, za ka ga laushin ya yi amma kalar ta yi duhu, domin ƙasar gonar da ke fim ɗin ja-ja ce. Kada ka lashi yatsa a tsakani, yana ɓata natsuwa.

A nan ne ƙwararru ke bambanta da 'yan koyo. Ni da kaina na ce wa Jelmer ya ƙara ɗan garin tattasai. Sai dai kafin ya kai ga gwadawa wayar ta katse, don haka ba wanda zai iya cewa da ba ta yi ba.

Mataki na 6: Idan suruka ta kama ka, rufe bakinka

Griet ce ta sa wayar ta katse. Ta shigo da jakar cefane, ta bar Nynke a waje tana kulle kekuna. Ta dubi motar tsirara a kan teburin kicin, ta dubi cakulan a goshin Jelmer. Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗaga masa hannu. Ta leƙa ta aiki Nynke shagon burodi, ta ce ta manta burodin sukari, alhali yana cikin jakar. Sannan ta buɗe akwatin ɗinkinta, ta zaro wani siririn burushi daga ƙarƙashin zare, ta miƙa hannu kan kantar kicin ta sauko da kwalbar kirfa.

"Kirfa ake sawa, yaro, da ɗan ruwan sukari don ya kama. Cakulan na tayoyi ne kawai."

Jelmer ya ce, "Mama, ke ma?"

"Tun Nynke na rarrafe. Ni da ruwan goge jan farce na yi nawa, ko ɗigo bai rage ba. Matsa ka riƙe min fitila."

Ta yi gefen dama ba tare da ta kalli wayar ba. Ta ba shi burushin ya yi gefen hagu, tana gyara masa hannu. Da suka mayar da motar akwati, ta kama hannun rigarsa ta ce kada Wiebe ya taɓa jin wannan magana, domin ba abin da yake alfahari da shi kamar taɓon nan, kuma ba ta son ta ga ranar da zai san na kicin ne.

Mataki na 7: Lokacin dubawa, cika bakinka da burodi

Suruki zai dawo, za a zuba gahawa, za a yanka burodin sukari, wanda shi ma kirfa ne a cikinsa, don haka ƙamshin falo yana da mai ɗaukar laifi. Daga nan zai ɗauko gilashin ƙara girma, kamar yadda yake yi duk ranar da ya ga motocin wasu.

Wiebe ya sunkuya a kan akwatin ya daɗe. Ya bi gefen dama, ya zagayo hagu, ya tsaya, ya koma dama, ya sake dawowa hagu. Jelmer ya ƙara cusa burodi a baki. Can tsohon ya miƙe ya ce duk Utrecht bai ga taɓo irin wannan ba, kamfanonin yanzu sun daina aikin ƙwarai. Griet ta ƙara wa kowa gahawa.

Idan ka kai nan, kada ka yi murmushi. Jelmer ya yi, kuma bakinsa ya kasa furta abin da ya kawo shi har aka tashi.

Mataki na 8: Idan ya ce zai raka ka, bar shi

Wiebe bai taɓa raka kowa ba, amma ranar ya sa takalmi ya bi yaron har inda keke yake. Ya tsaya yana kallon sa yana kokawa da makulli.

"Jelmer."

Makullin ya faɗi ƙasa.

"Ka cika hannu a ƙofar hagu. Griet ba ta kai shi kan marfin mai."

Jelmer ya fara ba da haƙuri, tsohon ya katse shi. Ya ce tun ranar farko da Griet ta taɓa motar ya sani, wa zai kasa bambance kirfa da fenti alhali gilashin ƙara girma na idonsa. Duk shekara kafin ranar haihuwarsa sai Griet ta faki idonsa ta sabunta, shi kuma sai ya ƙirƙiri tafiya ya ba ta wuri.

"Irin wadda kamfani ya yi, akwai ta a gidaje da yawa. Wannan ita kaɗai ce a duniya. Kada ka gaya mata na sani."

"Ba zan faɗa ba, Baba. Dama kuma maganar Nynke ce ta kawo ni..."

"Kana riƙe da sirrin matata, kana riƙe da nawa, kana tsammanin zan bar ka ka hau keke ka tafi da su wani gida? Ka zo ranar Lahadi. Ka kuma koyi sassauta hannu, idon Griet ya fara rauni, wani zai karɓe ta."

Tsame hannu

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin tururuwa, ko atishawa, ko surukin da ba shi da zuciya irin ta Wiebe. Masu yaɗa cewa ni ne alƙalin da ya taɓa ba koriyar motar kyautar taɓo mafi kama da na fim, su sani mura nake yi a ranar. Jelmer kuma ya rantse ba zai faɗa wa Griet ba, bai ce komai game da kawunsa ba. Saboda haka idan ka haɗu da ita a shagon burodi tana sayen kirfa, gaishe ta ka wuce. Ba ka karanta komai ba.