Cof, Shof da Sof

Wani ne a Madarunfa, ɗan lakwal da bai daɗe a aji ba aka koro shi, amma ko akuya ta yi kuka sai ya amsa mata da Faransanci. Ranar da zai fara zuwa Katsina, Garba direban kamiyo, wato babbar motar kaya, wanda ba ya ganin wawa ya ƙyale, ya ja shi gefe a Ɗan Issa ya ce can ba a ba baƙo abinci sai da Turancin Ingila. In yunwa ta kama shi, ya ce "cof" kawai. Mutumin ya sa a rubuta masa, ya ga an fara da "ch", haruffan da mushe, malaminsu na lakwal, ya koya musu a karanta "sh", ya ce lallai bakin Garba ne bai je lakwal ba.

A Katsina, garin da ko jariri da Hausa yake kuka, gogan naka ya kame baki. Da hanji ya fara ƙugi ya tare wani ɗan sanda ya ce, "Shof!" Da yake da Turanci kanti ke nan, aka raka shi har kantin kwanuka da fitilu. Ya leƙa kwano bayan kwano, duk wayam.

Ya ce to bari a gwada na Garba. Ya tarar da wani Bature a ƙofar gida, ya ƙame, ya ce, "Cof!" Bature ya yi murna, don a Turancinsa sara ke nan. Ya miƙa masa gatari, ya nuna masa tulin itace. Mutumin ya ce ashe nan sai ka faskara na dafuwar da kanka. Ya yi ta sara har la'asar, ba hayaƙi ba dalilinsa.

Matar Bature ta fito, ta gan shi jiƙe da gumi. Harshe ya riga ya mutu, sai ya ce, "Sof." Baiwar Allah ta kawo masa wani farin abu mai ƙamshi a takarda. Ya yi bisimilla, ya cinye.

Da yamma Garba ya gan shi a tasha yana gyatsa, kumfa na fita.

"Kai, mi ka ci haka? Wannan ai sabulu ne!"

"Sabulu? Ashe shi ya sa. Ni dai na ji cikina a wanke tas!"