Daga Kusada Zuwa Agadas a Kan Babur

Ko da zan manta da duk wata kunya da na taɓa sha a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da wadda na sha a kan hanyar Kusada zuwa Kankia, wata Asabar cikin damina. Har yau in na zo daidai wurin sai na ƙara wa babur wuta, kamar gonakin wajen za su gane ni.

Ni malamin makaranta ne a Kankia, labarin ƙasa nake koyarwa. Na yi shekaru ina zana wa yara hamada a allo, ina bayanin yadda iska take tara rairayi ya zama tudu, alhali iyakar tudun rairayin da na taɓa gani shi ne wanda tifa take juyewa a ƙofar masu gini. (Yaran ba su taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.)

A shekarar ne matata Zulai ta haihu, yaron bai kai suna ba ya koma. Muka yi haƙuri kamar yadda kowa ya ce mu yi. Amma Zulai, wadda da in tana dariya maƙwabta suna jiyo ta ta katanga, sai ta yi shiru. Za ta yi girki, ta yi shara, ta amsa gaisuwa, in na kawo hira ta ce haka ne, shi ke nan. Watanni suka wuce a haka. Ni kuwa ban iya lallashi ba. Abin da na iya shi ne taswira.

Sai na fara shirya mana tafiya a ɓoye, in an yi hutu. A lokacin hanyar Nijar da sauƙi. Na tambayi wani abokin aikina da ke da dangi a Damagaram inda za mu sauka, na tambayi direbobi a tasha yadda ake canjin mota, na san inda za mu kwana da inda za mu yini. Komai ya kammala sai abu ɗaya, wato faɗa wa mai tafiyar. Duk sanda na buɗe baki a gida na dubi fuskarta, sai maganar ta maƙale, in ɓige da tambayar ko akwai sauran ruwa a randa. Daga ƙarshe na yanke shawarar a kan babur zan faɗa mata, inda ba sai na kalle ta ba.

Ranar ta zo da aka yi bikin wata 'yar kawunta a Kusada. Da la'asar na je ɗauko ta, hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara kaɗawa. Na kira ta a waya ta ce ga ta nan fitowa. Na tsaya a ƙofar gidan bikin kusa da 'yan kabu-kabu masu jiran fasinja, hular kwano a kaina, inji yana aiki, ina ta maimaita jawabina a zuci. Matan dangin amarya duk anko suka yi, har hijabin iri ɗaya, shuɗi. Ta gefen ido na ga shuɗin hijabi ya nufo ni, na ji babur ya nutsa, na ji an ce wani abu a hankali wanda hular da ƙarar inji ba su bar ni na ji ba. Na ɗauka Zulai ce ta ce mu je. Na ja.

Muna fita gari na yi bismilla na fara. Na ce Zulaina (sunan da ba na kiran ta da shi sai mu biyu), akwai abin da na jima ina son faɗa miki. Na ce mata za mu fara da Daura, ta ɗebi ruwan tsohuwar rijiyar nan da hannunta. Daga nan mu tsallaka Damagaram, mu yi yawo a lungunan tsohon birni, in saya mata takalmin fata. Na ce bayan Tanut akwai fili wanda in damina ta yi kyau ciyawa take rufe shi har iyakar ganin ido, babu katanga, babu maƙwabta, babu mai zuwa ya ce mata ta yi haƙuri, sai shanu da raƙuma. Na ce a can in tana son kuka ta yi, ni zan zauna gefe in jira ta.

Na ji an yi gyaran murya a bayana. Na ce kada ta ce komai, ta bari in gama, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Na wuce da ita Agadas. Na kwatanta mata doguwar hasumiyar masallacin ƙasa kamar ni na gina ta. Na ce za mu fita bayan gari mu hau tudun rairayi, in ɗora ta a kan raƙumi, in ta ji tsoro in riƙe ta. Na faɗa mata cewa na yi kewar dariyarta, gidan ya yi mini girma. Na faɗi wasu maganganun kuma da ba zan maimaita su a nan ba, ko da za a ɗaure ni. Aka ɗan zungure ni a kafaɗa da gefen jaka. Ni a haukata na ɗauka maganar ce ta shige ta, har wani daɗi ya kama ni, na rage gudu don in samu lokaci.

Sannan na zo kan abin da ya fi komai. Na ce, "Amma kada ki faɗa wa Inna tukuna. Kin san ta da tsoro, tana jin an ce Nijar za ta hana. Ki bar ni da ita, turmin atamfa ɗaya ya ishe ni in shawo kanta."

Duk wannan lokacin waya tana ta rawa a aljihuna. Da abin ya ishe ni na gangara gefen titi, kusa da wata gonar gyaɗa, na zaro ta. Sunan Zulai ne a kai. Har na buɗe baki zan tambaye ta wa ta bar wa wayarta, sai na ɗauka, na ji muryarta tana cewa ta fito tun ɗazu, ina na shiga, ga ruwa zai sauko.

Ban san yadda na juya ba. Inna ce. Mahaifiyar Zulai, surukata, wadda tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba, zaune a bayana riƙe da ledar alkaki, ta kawar da kai tana kallon gyaɗar mutane kamar za ta saya. Ashe ɗan kabu-kabu ta ɗauke ni. Abin da ta faɗa a ƙofar gidan biki, Kankia ta ce.

Na sauka, babur ya nemi faɗuwa da ita, na tare shi, na kafe, sannan na durƙusa a cikin taɓo da hular kwanon a kaina na ce, "Inna, ina wuni." Ta ce lafiya lau. Na ce ya gajiyar biki. Ta ce babu gajiya. Na sake cewa ina wuni. Da a ce akwai rami a wajen da na shiga na ja ƙasa na rufe.

Babu wani abin hawa a hanyar, ga yayyafi ya fara. Dole ni ɗin dai zan ƙarasa da ita. Na kira Zulai na ce ta biyo motar 'yan'uwa, zan yi mata bayani. Muka sake kama hanya. Na zauna can gaba a kan tanki, har gwiwoyina suna bugun kan babur.

A ƙofar gidanta ta sauka, ta gyara hijabi. Na ɗauka za ta shige, sai ta tsaya, ta ba ni baya. Zulai 'yar fari ce, Inna ba ta faɗin sunanta. Ta ce, "Ka tahi da yarinyar nan. Ni ma na rasa yadda zan yi da shirun nata." Sai muryarta ta canza. "Mota na juya mata ciki, ka riƙa mata lemun tsami. Atamfar kuma ka bar ta, ba ni hanawa."

Ta shige. Na daɗe a tsaye ruwa yana dukana.

Bayan magariba Zulai ta iso a jiƙe, ranta a ɓace. Na ba ta labari tun daga farko, ina kallon tabarma. Da na zo wajen zungurin jaka sai na ji wani sauti, na ɗaga kai, na ga ta toshe baki da mayafi. Da na zo wajen atamfa ta kasa riƙewa. Ta yi dariya har ta kwanta, ta tashi ta ce in sake faɗin yadda na yi ina wuni sau biyu, ta sake kwantawa. Can dariyar ta juye ta zama kuka, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da abin ya faru. Na matsa kusa na zauna, ban ce ta yi haƙuri ba.

Da ta share fuska ta ce, "To, Inna ta ji nata. Ni ba a faɗa mini ba. Me ka ce akwai bayan Tanut?"

Haka na sake jawabin daga Daura, wannan karon tana kallona ina kallonta. Ya fi wuya, kuma bai yi tsari kamar na kan babur ba.

Mun yi tafiyar da aka yi hutu. Raƙumin da na yi alkawarin riƙe ta a kai, ita ta hau lafiya lau, ni ne na yi ta salati har mai raƙumin ya durƙusar da shi na sauka. Ni da Inna kuwa, har yau maganar ba ta taɓa haɗa mu ba. Ina zuwa in gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa daga cikin ɗaki, kowa ya riƙe abin da ya sani.

Abin da na koya dai shi ne, in magana ta yi maka nauyi, ka daure ka dubi fuskar mai ita ka faɗa. Ko ba ta fito da kyau ba, aƙalla ka san wa kake faɗa wa.