Uɗarid Mai Ƙamshin Sandal

Ba zan taɓa mantawa da farin zanen gadon amarcinmu ba, don shi ya sa na ƙara shekara biyu ina koya wa 'yan aji biyu rubutu. Lokacin ina koyarwa a wata makaranta a unguwar Ammariyya da ke Jidda, kuma babban burina shi ne a ba ni darasin kimiyya na manyan azuzuwa. Mudir, wato shugaban makarantar, ya ce sai mufattishi, mai duba aikin malamai, ya zo daga ma'aikatar ilimi ya ga darasina tukuna. Ni kuwa na ce ya zo mana, me ake jira?

Kada mai karatu ya ɗauka banza ce ta sa nake wannan cika baki. Akwai wani littafin Larabci da na tsinta a kasuwar gwanjo, mai tarihin wani malamin falsafa da ilimin taurari na ƙasar Faransa, wanda ya rayu shekaru ɗari uku da suka wuce. Na haddace rayuwarsa fiye da ta kakana da ya tako daga Katsina a ƙafa. Ɗan manomi ne daga wani ƙauye, ya yi karatu ya zama limamin coci, ya ja da manyan malaman zamaninsa a kan cewa ba a karɓar magana don kawai wani babba ya faɗe ta, sai an gwada an gani. Har dutse ya sa aka saki daga saman jirgin ruwa yana cikin gudu, don a ga inda zai faɗi. Sunansa yana karya mini harshe, sai nake ce masa Malam kawai. Na damu kowa da shi har abokan aikina suka laƙaba mini Faransawi (ban taɓa wuce Ɗa'ifa ba a lokacin).

Abin da ya fi burge ni da shi, shi ne mutum na farko da ya ga Uɗarid, tauraron nan da ya fi kusa da rana, yana ratsa fuskarta. Ɗaki ya rufe ya yi duhu, ya shigo da hoton rana ta madubin hangen nesa ya sauke shi a kan farar takarda. To, sai ga shi a jarida an ce Uɗarid zai sake ratsawa, kuma za a gani daga Jidda, a makon da mufattishi zai zo. Na ce shi ke nan, sama da kanta ta tsaya mini.

Na aro madubin hangen nesa wurin wani maƙwabcinmu da ke aiki a tashar jiragen ruwa. Saura farin abin da za a haska a kai. Malam takarda ya yi amfani da ita, amma ni na ga takarda ta yi wa darajata kaɗan. Na ce wa matata Asabe ta ba ni zanen gadon nan fari.

Asabe Bahaushiyar Sudan ce, kuma a gidansu ko tsumma ba ya fita sai an turara shi. Da safe na tarar ta kifa kwando a kan kasko, ta lulluɓa zanen, hayaƙin sandal na tashi.

"Makaranta fa za a kai shi, ba gidan biki ba," in ji ni.

"Manya za su gani, Ustaz. Ba za a ce daga ɗakina ya fito yana warin akwati ba. Tsaya ma in duba shi, na ji garwashin ya yi tartsatsi."

"Halas, ya isa haka, na makara!" Na fizge na naɗe na yi gaba.

A makaranta muka toshe tagogin aji da barguna, a cikin zafin Jiddan nan da ke narkar da mutum. Na rataya zanen a jikin baƙin allo cikin duhu. Ga ɗalibai arba'in, ga mudir, ga mufattishi, wani dattijo Bamisire mai ƙaton tabarau da jakar takardu. Na gyara murya na ba su tarihin Malam tun daga ƙauye har Faris, babban birnin ƙasarsu. Na jaddada musu cewa da ya ga ɗigon, bai yarda ba, don ya yi masa ƙanƙanta, ya ɗauka tabo ne irin na jikin rana. Sai da ya zauna ya yi ta aunawa kafin ya buɗe baki. (Ku riƙe wannan, don ni da na faɗa ban riƙe ba.)

Na saita madubi. Rana ta sauka a kan zane, fara tas, kamar faifai. Can gefe na hango wani ɗan ɗigo kamar kashin ƙuda, na ce datti ne a gilashi, ban ko sake kallonsa ba. Domin ga wani baƙi wuluk, zagayayye, ya kai ƙwayar wake, yana zaune daram a bakin faifan.

"Ga shi nan!" na daka tsawa. "Uɗarid!"

Aji ya ɗauki kabbara. Mudir ya dafa kafaɗata yana "Ma sha Allah, ya ustaz." Kuma abin yana tafiya, wallahi yana tafiya, a gaban idonmu ya kai tsakiya. Daɗi ya cika ni har na ji ƙwalla. Jarida ta ce ratsawar awanni za ta ɗauka, nawa kuwa ko minti biyu bai cika ba ya kusa ƙetarewa, amma sai na yi wa jama'a bayanin cewa 'yan jarida ba su san kimiyya ba.

Sai ɗigon ya kai ƙarshen rana, ya fita. Kuma bai ɓace ba. Hoton rana ya ci gaba da zamewa gefe, kamar yadda ya saba tunda rana ba ta tsayawa, shi kuwa Uɗarid ɗina yana nan a kan zane inda yake tun farko.

Mufattishi ya taso a hankali. Ya sunkuya, ya shinshina. Ya zaro alƙalami daga aljihu, ya zura shi cikin tauraron nawa har ya ƙwanƙwasa allo.

"Esh hada, ya ustaz? Mene ne wannan? Uɗarid ɗinka ƙamshin sandal yake yi."

Dariyar da aka yi, ina jin har bakin teku an ji ta. Mudir ya janye hannunsa daga kafaɗata kamar ya taɓa tukunya. Ni kuwa na tsaya riƙe da sandar nuni, gumi na bin bayana, ina fatan ramin nan ya ƙara faɗi in shige.

Dattijon bai tsaya nan ba. Ya ciro farar takarda guda daga jakarsa, ya tara a gaban madubin, ya nuna da bakin alƙalami. Kashin ƙudan nan da na raina, shi ne. Ya sa aka zauna shiru rabin awa ana aunawa har kowa ya ga ya gusa. Da zai fita ya ce mini na iya ba da labari, don haka yara ƙanana za su ci gaba da amfana da ni.

Na koma gida na shimfiɗa wa Asabe zanen. Ta zura ɗan yatsa a ramin, ta dube ni.

"Ai na ce ka tsaya in duba."

Shekara biyu bayan nan aka ba ni ajin kimiyyar, na kuma koyar da shi har na yi ritaya. Tarihin Malam ban daina bayarwa ba, sai dai yanzu in na zo wurin da ya zauna yana aunawa, nakan rage murya. Shi ya ga gaskiya ya yi shakka, ni na ga ƙunar turare na yi rantsuwa. Tun daga ranar, duk abin da zan nuna wa manya, sai Asabe ta ɗaga shi a rana ta duba tukuna.