Rasuwar Gimbiya, Shira'in Falukata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da na kasa haɗiyewa, ni Abakar, matuƙin faluka, ƙaramin jirgin ruwa, a kogin Nilu, nake sanar da rasuwar Gimbiya, farin shira'ina, ƙyallen da ke kama wa jirgina iska. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiya doguwa ce, mai kusurwa uku, ɗaure a sanda guda da ta fi jirgin tsawo. Ba ta da sauƙin hali. Kafin a naɗe ta sai na hau sandar da ƙafa, tana ta "fat, fat, fat" a kunnena. Maƙwabcina Isam ya daɗe da komawa ƙananan shira'ai biyu, waɗanda yake ja da igiya yana zaune da shayinsa a hannu. Sau nawa ya ce in bi sahunsa, na ce mai wuyar sha'ani ita ce mai amana. Kafaɗata ta goce saboda ita, ban ga laifinta ba.

Ajalinta ya zo ranar da Madam Alaa, mai wani otal, ta shiga jirgina don ta zaɓi wanda zai riƙa ɗaukar baƙinta, ni ko Isam. Abincin gidana na shekara ke nan. Muna tsakiyar ruwa iska ta juyo. Isam, da ke cikin nasa jirgin kusa da mu, ya saki igiya ɗaya, khalas, shi ke nan. Ni kuwa ina rungume da sanda ina lallashi, Gimbiya ta ce "kyaaat", ta tsage daga sama har ƙasa, ta rufto kan baƙuwar. Isam ne ya jawo mu gaɓa. "Ma'alish, ya Abakar," in ji shi, wato in yi haƙuri, bai ko yi dariya ba. Shi aka ɗauka.

Ta bar sanda ɗaya, igiyoyi bakwai, da matata Hawwa, wadda ta yi mata faci goma sha tara kuma ta rantse ba za ta zo jana'iza ba.

Za a sauke gawar ranar Juma'a bayan la'asar a mashigar jirage ta Ma'adi. Daga nan mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, zai kai ta unguwar Faisal, a yi wa tantabaru rumfa da ita a saman bene. Masu ta'aziyya su zo da almakashi.