Yadda Za Ka Ɓoye Cikinka a Ɗakin Wankan Jama'a

Idan kai mutumin Iceland ne irina, ka tsufa kana tuɓewa gaban maƙwabta kowace safiya, sai kwatsam ka wayi gari da abin da ba ka so a gani a jikinka, to ka kwantar da hankalinka. Matakai shida ne kacal. Ka bi su sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka ratsa ɗakin wanka ka zauna cikin ruwan zafi, babu mahaluƙin da ya ga ko cibiyarka.

Kada ka yi shakkar gwanintata. Sunana Ketill, kuma shekara talatin da ɗaya na yi ina gadin ɗakin wankan maza a wurin iyon garinmu. Aikina shi ne in tabbatar kowa ya tuɓe tsaf, ya yi wanka da sabulu, kafin ya sa wandon iyo ya shiga ruwa. Na taɓa mayar da limamin coci ya sake wanke hammata. Na mayar da magajin gari sau biyu a rana ɗaya. Duk wata kafar zillewa na san ta, don ni na toshe ta da hannuna.

Da kakar bara likitoci suka yanke wani yanki na hanjina, suka manna mini 'yar jaka a gefen ciki, can abinci yake ƙarewa yanzu. Likita ta ce in na warke in yi iyona, jakar a rufe take ruf. Ni kuwa na dubi madubi na ce daga ni sai matata, ba mai ganin wannan abu.

Mataki na 1: Ka zauna gida, ka kira shi jinya

Wannan ne mataki mafi sauƙi. Bincike ya tabbatar cewa mutumin da bai fita ba, ba a taɓa ganin cikinsa ba.

Ka riƙa tari idan waya ta yi ƙara. Ka riƙa dafa bango idan matarka na kallo. Matata Rannveig ta jure har wajen ƙarshen Janairu, sannan ta ajiye mini tawul a kan faranti maimakon burodi.

"Ka warke," in ji ta. "Na ga ka ɗauki buhun dankali jiya. Tashi ka je ka dami wasu, ni na gaji."

Ranar kuma Teitur ya bugo waya. Teitur tsohon masunci ne, shekara arba'in muna zama kafaɗa da kafaɗa a tukunya, wato kwarmin ruwan zafin da ke gefen babban tafkin, kullum ƙarfe shida da rabi na safe. Ban taɓa shiga gidansa ba, bai taɓa shiga nawa ba. Sau ɗaya na haɗu da shi a kanti sanye da kwat, na wuce shi ban gane shi ba.

"Ketill, ka mutu ne?" ya ce. "In ka mutu ka faɗa, akwai mai son gurbinka kusa da bututun ruwa."

"Jiki ne bai gama komawa ba."

"To ya yi sauri. 'Yata za ta kwashe ni zuwa birni ƙarshen Maris, wai ƙafafuna sun daina jin magana. Juma'ar ƙarshe ta wata ce wankana na ƙarshe a nan."

Ya kashe waya. Saura sati tara ke nan, kuma tsakanina da shi akwai shawa goma sha biyu jere, babu ko katanga.

Mataki na 2: Ka san abokin gabarka

Abokin gabarka shi ne mai gadin wanka. Nawa sunansa Mirek, mutumin Poland, wanda ya gaje ni. Shekara ashirin da suka wuce ya zo aikin kamfanin kifi, ya shigo wurinmu a satinsa na farko, ya tsaya ƙarƙashin shawa da wandonsa kamar yadda aka saba a garinsu. Na nuna masa hoton bango, zanen mutum da aka shafa wa ja a wuraren da dole a sa sabulu: kai, da hammata, da tsakanin ƙafafu, da tafin sawu. Na ce masa kalmomi uku da gari duka ya haddace daga bakina: "Koma. Tuɓe. Sabulu." Sau uku na mayar da shi a gaban mutane, kunnuwansa suka yi jawur.

Daga baya ni na koya masa aikin. Na koya masa duban bayan wuya, da sansanar iska, da gane wanda ya jiƙa gashi kawai. Ka lura da wannan darasi: in za ka koya wa mutum aiki, ka rage wani abu saboda tsufanka. Ni ban rage komai ba.

Mataki na 3: Ka je lokacin da ba kowa

Ka zauna a bencin ƙofa inda ake cire takalma, ka karanta kantar takalman. A gari irin namu takalmi suna ne. In ka ga kantar wayam, ka afka.

Na gwada ƙarfe goma na safe, na tarar da takalman 'yan fansho. Na gwada ƙarfe biyu, masu sauka daga aikin kifi suka shigo da warinsu. Na yi minti arba'in a bencin nan ina ɗaure igiyar takalmi ɗaya ina kwancewa, har matar da ke sayar da tikiti ta kawo mini kofi ta tambaya ko in kira mini Rannveig.

A nan na gano abin da ban gano ba a shekara talatin da ɗaya: mutanen garinmu ba su da aikin yi sai wanka. Sati uku suka tafi a wannan mataki.

Mataki na 4: Ka sa wandon tun daga gida

Ka nemo wandon iyo mafi girma, ka ja shi har ƙirji. Ka cire tufafinka kana fuskantar bango. Ka jiƙa kai a famfon wanke hannu, ka shafa ɗan sabulu a bayan kunne don ƙamshi, sannan ka ratsa ɗakin shawa da tafiyar mutumin da ya gama komai.

Na yi hakan wata Talata. Saura taku huɗu in kai ƙofar fita sai na ji murya a bayana, a hankali, ba yadda nake yi ba.

"Ketill."

Na juya. Mirek ne riƙe da sandar goge ƙasa.

"Bayanka a bushe yake," ya ce.

"Fatata ce haka, ba ta riƙe ruwa."

"Wandon ma ba ya riƙe ruwa?"

Na ce masa ni na rubuta dokar nan tun yana garinsu. Ya ce ya sani, shi ya sa ba zai iya karya ta ba, kada in ji kunyarsa. Sannan ya dubi hoton bango, ya dube ni, ya rage murya har sai da na matso: "Koma. Tuɓe. Sabulu."

Na ce na manta tawul a mota. Ba ni da mota tun shekara shida, kuma ya sani. Na tafi gida na zauna a kicin, ban ci abinci ba. Ban taɓa sanin kalmomin nan suna da nauyi haka ba sai da suka faɗo a kaina.

Mataki na 5: Ka nemi labule

A kusurwar ɗakin akwai shawa guda mai labule, ta masu kunya. Ka shige ka ja labulen, magana ta ƙare.

Sai dai ka fara tabbatar ba kai ne ka yaƙi labulen ba. Ni lokacin da za a sa shi saboda baƙi masu yawon buɗe ido, na rubuta wa majalisar gari wasiƙa shafi uku. Na ce a bayan labule ake ɓoye dauɗa. Na ce duk ɗan garin da ya shiga nan to akwai abin da yake rufewa. An karanta wasiƙar a taro, an tafa mini.

Na isa gaban labulen da rigata a jiki, hannuna ya kai kansa, sai ga Skúli, tsohon mai rarraba wasiƙu, tsirara yana cuɗa tumbinsa. Skúli bai taɓa riƙe labari ya kwana da shi ba.

"A'a, shugaba ya dawo zagayen duba aiki," ya ce. "Ka zo ganin maƙiyinka ne?"

Na murza labulen tsakanin yatsu, na sansana shi, na girgiza kai na ce yana buƙatar wanki. Na duba ƙarfen da ya rataya a kai. Na fita da martabata, ban jiƙa ko yatsa ba.

Mataki na 6: Ka haƙura, ka je sallama da tufafinka

Idan duk na sama sun ƙi, kada ka karaya. Babu dokar da ta hana mutum tsayawa a bakin ruwa da kwat.

Juma'ar ƙarshe ta Maris na sa ledar da ake rufe takalmi da ita, na bi ta ƙofar ma'aikata na fita bakin tukunya. Gari bai gama wayewa ba, dusar ƙanƙara na sauka a hankali, tururi na tashi. Kawuna biyar a cikin ruwa. Gurbina kusa da bututu yana nan ba kowa.

"Teitur, na zo mu yi sallama," na ce.

Bai ɗaga kai ba. Ya ce wa Skúli, "Wane ne wannan? Daga ofishin haraji yake?"

"Ni ne, tsoho."

"Ban san kowa mai kwat ba."

Sai ya kama ƙarfen matakala ya fito da ƙyar, ya ja ƙafa zuwa ɗakin wanka yana ɗiga. Na bi shi har bakin layin da ba a ƙetarewa da tufafi. Ni na sa aka ja layin. Ya zauna a kujerar roba ƙarƙashin shawa ta uku, ya cire wando, ya buɗe ruwa.

"Bari in gaya maka laifina kafin in tafi," ya ce. "Shekara biyu ke nan hannuna bai kai tafin ƙafata ba. Ruwa kawai nake sakar musu. Hoton naka ya ce sabulu. Ba na so in bar garin nan da ƙazanta."

Na dubi Mirek. Mirek ya ga wani tabo a can ƙarshen ɗaki da ke buƙatar gogewa nan take.

Ban san lokacin da na cire kwat ba. Na cire riga, na cire wando, na ninke su a benci. Tsoro ya kama ni irin wanda bai kama ni ba ko a ɗakin tiyata. Na taka na ƙetare layin, jakata a fili, fara sol a ƙarƙashin fitila. Na yi wankana tun daga kai, sannan na durƙusa na ɗauki ƙafar Teitur na cuɗa ta da sabulu, yatsa bayan yatsa.

Ya leƙo ya dubi cikina sau ɗaya.

"Ita ce wannan? Na zaci ta kai buhu. Rannveig ta gaya wa 'yata tun Oktoba."

"Kowa ya sani?"

"Skúli ya sani."

Skúli ya shigo a daidai lokacin, ya buɗe shawa ta biyar, ya ce in turo masa sabulu in na gama. Bai ko kalli inda nake ta ɓoyewa ba. Na rantse sai da na ji haushi. Mirek ya wuce ta bayana da sandarsa ya ce, "Ka tsallake hammatar hagu." Na koma na wanke.

Muka zauna a tukunya, ni a gurbina. Ƙanƙara na narkewa a sanƙon Teitur. Ya zagi majalisar gari a kan ramin hanyar tashar jiragen ruwa, ya ce kifin bana bai kai na da ba, na ce ƙarya yake. Minti ashirin da biyar, ba wanda ya ambaci birni. Da lokaci ya yi ya miƙe, ya dafa kafaɗata don ya hau matakala, ya ce abin da yake cewa kullum.

"Sai gobe, Ketill."

Na ce sai gobe.

Da na fito na wuce wurin sa kaya kai tsaye ban goge jiki ba, na jiƙa daɓen da na yi shekara talatin da ɗaya ina yi wa mutane tsawa a kansa. Mirek ya zo ya goge sawuna ɗaya bayan ɗaya.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. In mai gadi ya kama ka, tsakaninku ne. In matarka ta riga ta gaya wa gari, kai ka auro ta. In ka bi matakan nan daidai, za su ci maka sati tara, wato safiya sittin da uku da za ka iya zama kusa da abokinka kana jin ƙaryarsa a kan kifi, sai ka samu guda ɗaya tak. Kada ka zo wurina neman sauran, ni ma na nema ban samu ba.

Mai ƙorafi ya same ni a tukunya ƙarfe shida da rabi, kusa da bututu. Akwai gurbi a gefena. Amma ya yi wanka tukuna, da sabulu.