Waƙar da Na Ɗauko wa Inna a Safana

Ko da na so, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kunna wa Inna waƙa a tsakar gidanmu.

Inna mahaifiyata ce, ni ne ɗanta na fari, don haka tun da na yi wayo ban ji ta kama sunana ba, sai dai "wancan". Akwai wani tsohon mai kukuma da take matuƙar so tun zamanin marigayi babanmu. Bara bayan girbi labari ya iso Batsari cewa zai yi wasa a wani biki a Safana, kuma wataƙila shi ne na ƙarshe, don tsufa ya kama shi. Inna kuwa ciwon ƙafa ya hana ta hawa mashin. Ba ta roƙe ni ba, sai ta kalli ƙanwata Hinde ta ce, "Da ma mutum ya ƙara jin muryag ga ko sau ɗaya." Nan take na bugi ƙirji na ce zan ɗauko mata a waya tsaf.

Da la'asar aka fara (wa ke kai biki dare a wajenmu yanzu?). Gaskiya wasa ya yi wasa. An ɗaure lasifika biyu a jikin bishiya, an kai janareta can bayan gida don kada ƙugin ya dame mu. Kukuma na fita siririya, kalangu na dukan mutum har cikin ƙirji, muryar tsohon tana rawa kaɗan amma tana nan da zaƙinta. Na danna ɗauka, na zura wayar a aljihun gaba don in samu hannun tafi. Ni malamin firamare ne, mutumin da ɗalibai ke rantsuwa ba su taɓa ganin haƙoransa ba. A tunanina, ɗan gyaɗa kai kawai na yi.

Washegari ban ko saurara ba, na aro babbar sifika wurin maƙwabci. Inna ta tara ƙawayenta, har da surukata Hajiya Mairo. Sai da na yi musu lacca tukuna: "Ku lura da yadda sauti ke fita, ba ƙara, ba ƙugi." Na kunna.

Kukuma ta fara daɗi-daɗi. Inna ta gyara zama. Sai wata murya ta faɗo a kai kamar ana jan ƙofar langa-langa, tana bin waƙar, tana riga mawaƙin, tana ɓata baitin. Shi tsohon kuwa can nesa ake jin sa, kamar rediyon maƙwabta. Na yi tsaki na ce, "Wani marar ta-ido ne ya tsaya kusa da ni."

Ban rufe baki ba muryar ta ƙwala ihu: "Ranka ya daɗe! Ni ne ɗan Malam Sa'adu na Batsari! Uwata na gaishe ka!"

Surukata ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Matata ta ruga madafi wai za ta duba tukunya (ba a ɗora komai ba). Kunya ta kama ni, amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne alkawarin. Abu ɗaya baiwar Allah ta nema, na je na danne shi da wannan maƙogwaron nawa. Na miƙa hannu zan kashe.

"Hinde, ce mashi ya bari," in ji Inna.

Haka muka zauna har ƙarshe, ni ina kallon ƙasa, ina jin kaina ina guɗa (wallahi har guɗa na yi). Da ta ƙare, Inna ta share ido da bakin zane, ta juya wajen surukata.

"Hajiya, haka marigayi yake yi. Bai iya ba, kuma ba ya shiru. Duk sadda aka sa waƙag ga a rediyo sai ya bi ta, bai taɓa bari na ji ta ita kaɗai ba. Yau na ji su su biyu."

Hinde ta tura mata a wayarta. Yanzu duk baƙon da ya zo sai an kunna masa, har shugaban makarantarmu ya ji. Ni dai na koyi darasi: in za ka ɗauko wa mutum waƙa, ka nisanta wayar da bakinka. In kuwa ba za ka iya ba, ka roƙi Allah ya sa mummunar muryar taka gado ce.