Shafau Ya Mutu, Ba a Karɓar Gaisuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba irin wanda kuke zato ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Shafau, wato ɗan filin nan mai santsi da ke ƙasan madannan laftof ɗina, wanda ake shafawa da yatsa kibiya ta motsa. Ya rasu jiya Alhamis da hantsi, a kan teburina na bakin taga, yana da shekara shida a duniya. Ba doguwar jinya ce ta kai shi ba. Ni na sa aka kashe shi, da hankalina, kuma da a ce yana da rai biyu da na sake.

An ce a riƙa faɗin alherin mamaci, don haka na zauna na yi ta lalube. Na samo biyu: ba ya neman batir, ba ya kuma ɓata a cikin jaka. Ba zan ɓoye ba, a farkon zamanmu na so shi, har tsakiyarsa ta yi ƙyalli saboda yawan shafar yatsana. Ashe macuci nake lallashi.

Marigayi gwanin shisshigi ne. Shekarata goma sha tara ina sakatariya a ofishin nan, kuma a kan tafireta na koyi aiki, inda aka hore mu cewa ido yana kan takardar da ake kwafa, ba a kan abin da ake bugawa ba. Shi kuwa laɓewa yake yi. Da gindin tafin hannuna ya gifta ta kansa, sai ya ɗauke ɗan tsinken nan mai ƙifta ido ya kai shi layin da ya ga dama, ni ina ta zuba rubutu ban sani ba. Duk zamanmu kalma ɗaya na taɓa ji daga bakinsa, “ƙyas”, ita ma sai in an danne shi. Sharrinsa kuwa shiru yake yinsa.

Ciwon ajalinsa ya fara ranar Litinin ta makon jiya. Oga ya ba ni wasiƙu biyu in buga. Ɗaya ta ta'aziyya ce zuwa ga surukinsa, mahaifin uwargidansa Madam, wanda matarsa ta rasu. Ɗayar ta taya wani abokinsa murnar ƙarin girma ce. Na jera su a fayil ɗaya, ta'aziyya a sama, murna a ƙasa, kamar yadda na saba tun kafin a ƙera Shafau. Direban da zai kai su yana tsaye a kaina yana kaɗa makulli. Ina cikin buga ta ƙasa, la'anannen nan ya ɗauke tsinken ya kai shi sama, daidai bayan inda na rubuta cewa mun samu labarin rasuwar Hajiya. Nan ya zaunar da jimla biyu: “Mun ji daɗin wannan labari matuƙa. Allah Ya maimaita mana.”

Ban karanta ba, na yarda. Oga ma bai karanta ba, ya sa hannu yana waya, amma wannan ba a son a faɗa. Babban wan Madam ne ya karanta, da ƙarfi, a gaban masu zaman makoki, don a ji irin karamcin suruki. Yau kwana goma sha ɗaya Madam ba ta koma gidanta ba, Oga kuma yana zuwa aiki da riga ba guga, ba ya amsa gaisuwata.

Ranar Talata na ɗauki laftof na tafi gidan rasuwar da ƙafata, don in nuna wa Madam mai laifin ido da ido. Na durƙusa na yi gaisuwa, na buɗe, na fara bugawa. Jama'a, ku ji munafunci! Na goga hannu, na sake gogawa, har kwantar da tafina na yi a kansa. Tsinken nan ko gezau. Abin da kullum sai ya yi min sau goma kafin azahar, ranar ya zama salihi. Madam ta dube ni da jajayen idanu ta ce, “Rufe abinki, baiwar Allah. Uwata ce ta mutu, ba wasa na fito kallo ba.”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Hajiyar nan ta san ni. Duk sanda ta bugo wayar ofis sai ta ce min 'yata, sai ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya kafin ta nemi Oga. Ita ce aka ce na yi murnar mutuwarta. Wannan ya fi komai ci min rai, kuma shi ya sa ba zan yafe wa marigayi ba.

Kisan bai ɗauki minti ɗaya ba. Mai gyaran kwamfutocin ofis ya jona maus, wato ɗan linzamin nan mai waya da ake ja a kan tebur, ya shiga saiti, ya danna wuri uku, ya ce, “Haba Anti, ai da kin faɗa tun tuni.” Shekara shida ina fama, ashe maganin danni uku ne! Na shafa gawar don in tabbatar, kibiya ba ta motsa ba. Sai dai ya gargaɗe ni cewa muddin aka zare maus, marigayi zai tashi.

Ya rasu ya bar madannai, ciki har da harafin “a” da ya goge saboda bauta, da caja mai lanƙwasasshen wuya, da magajinsa maus, wanda ba ya motsi sai an kama shi. Ya kuma bar ni, wadda Oga ya ce daga Litinin ta tattara ta koma ɗakin fayil na ƙasa, inda ba taga sai ƙura da kyankyasai. Teburina an ba wata. Har yanzu yatsana yakan zame ya je ya shafa wurin, sai in tuna in janye kamar na taɓa wuta.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe a ɗakin fayil. Za a rufe shi da kwali, a bi da salatif ninki uku. Ba a karɓar gaisuwa, ba a buƙatar rakiya. Dogo na ofishin gaba, mai yawon aron kayan mutane, ya sani cewa na ɗaure wayar maus a ƙafar tebur, kuma duk wanda ya zare ta ya tayar min da wannan gawa, ni da shi ne.

Bayan an rufe shi zan wuce gidan rasuwa da wata wasiƙar, wadda na rubuta da biro, da hannuna, na karanta sau bakwai. Ko su karɓa ko su mayar min, zan tsaya a ƙofa in jira. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sa ta huta. Shi kuwa Shafau, Allah kada Ya maimaita mana.